Bajoga zuwa Argungu: jirgi, motar haya, motar gida, ko a haɗa biyu?

Ƙanina ne ya shigo min bayan isha'i da waya a hannu yana murmushi, wai "Yaya ashe Argungun nan ba wani nisa gare ta ba, kilomita 780 ne kacal daga nan Bajoga, ga shi ma an rubuta awa ɗaya da 'yan mintuna a jirgi." Ɗaurin auren abokinsa za a yi can cikin Janairu, ranar Asabar da hantsi, kuma Kawu yace shima ƙafarsa ƙafar yaron, dan da uban ango sun yi zaman aiki tare shekara da shekaru. Nace masa toh madalla, amma wane jirgin? daga ina zai tashi, a ina kuma zai sauka? Sai yayi shiru yana sosa ƙeya.

Wayar bata yi ƙarya ba fa. In ka ɗaura zare a Bajoga ka miƙe shi sambal har Argungu, ba kwana ba lanƙwasa, kimanin kilomita 780 ɗin zaka samu, wato mil 485, ko kuma wajen 420 a irin mil ɗin da matuƙa jirgi ke aiki da shi (nasu mil ɗaya kilomita 1.852 ne, namu na ƙasa 1.609, shiyasa wani sa'in zakaga lambobi uku daban-daban akan tafiya guda har kace ko kuskure aka yi). Jirgin fasinja kuma in ya daidaita a sama yana cin wajen kilomita 800 a awa, kaga kenan awa ɗaya da ɗoriyar tashi da sauka. Duk lissafin daidai ne, sai dai nisan shamuwa ne, ita ce bata buƙatar tikiti bata buƙatar fili. Babu jirgin fasinja dake tashi daga Bajoga, babu wanda ke sauka a Argungu. Akwai ɗan filin saukar ƙananan jirage can wajen Ashaka amma ba wurin da zaka je ka yanki tikiti bane. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Dan haka na zauna na baje masa hanyoyin da suke akwai da gaske, guda huɗu ne, kuma na ga gara in rubuta su tunda duk wanda zai tashi daga ƙaramin gari a Gombe ko Bauchi, Dukku ne ko Nafada ko Misau ko Darazo, zai nufi wani ƙaramin gari a ɓangaren Sakkwato da Kebbi, lissafin kusan ɗaya ne, sunan gari kawai zaka canza.

Ma'aunin da zamu yi amfani da shi

Na farko kuɗi, amma daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar gidan biki, ba kuɗin tikiti kaɗai ba, harda keke Napep, abinci, kuɗin ɗaki in kwana ya kama. Na biyu lokaci, shima daga ƙofa zuwa ƙofa. Na uku tabbas, ina nufin shirin da ka yi zai tsaya kuwa, ko abu kaɗan zai rushe shi? anan ne kuma nake saka juriyar jiki da ta mota, dan abun da ɗan shekara 25 zai shanye ba shi dattijo mai ciwon baya zai shanye ba. Sai sauƙi, sai kaya, sai kuma haɗari wanda shi kashi biyu ne, haɗarin mota da kuma na mutanen daji, kuma gaskiya a wannan tafiyar shi ne ya fi komai nauyi a wajena, sauran duk bayansa suke.

Hanya ta ɗaya: jirgi biyu ta Abuja

Ga yadda "awa ɗaya" take zama in ka zo yinta. Zaka tashi daga Bajoga ka shiga Gombe, kilomita 70 da 'yan kai, ka ratsa gari ka ɗau hanyar Bauchi zuwa filin jirgi na Lawanti, wani wajen kilomita 30 kenan, ka sa awa biyu dai. Dole ka isa aƙalla awa ɗaya da rabi kafin tashi da katin shaidarka a hannu. Lawanti zuwa Abuja kimanin kilomita 420 ne a sama, awa ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. A Abuja ka sauka ka ɗau jakarka ka sake shiga layi, ka jira jirgin Sakkwato ko na Birnin Kebbi, dukansu wajen kilomita 490 zuwa 500, wata awa ɗayar. In Sakkwato ka sauka, filin Sultan Abubakar III, akwai sauran wajen kilomita 100 na mota ta Bodinga kafin Argungu. In kuma a filin Sir Ahmadu Bello dake Ambursa ka sauka toh ka more, ƙasa da awa ɗaya ka shiga gari, sai dai jiragen Kebbi basu kai na Sakkwato yawa ba.

Yanzun tara su ka gani. 100 da 420 da 490 da 100, ka ɗan haura kilomita 1,100. Wato hanyar jirgin ma bata fi ta mota gajarta ba, kuma kusan 200 daga ciki a mota zaka yi su. Dan jirgin ba yamma zai nufa da kai ba, kudu zai fara gangarawa da kai Abuja sannan wani ya sake hauro da kai arewa, kamar mai zuwa Dukku daga Bajoga ya bi ta Kumo.

Lokaci, in komai ya tafi daidai kuma jadawalin jiragen biyu ya haɗu, awa 10 zuwa 11, ka bar gida da asuba ka yi isha'i a Argungu. Amma "in" ɗin nan babba ce. Jiragen Gombe basu da yawa a rana, in naka ya sauka Abuja bayan na Sakkwato ya tashi shikenan kwana ya kama ka, ga kuɗin otal ga na tasi, kuma filin jirgin Abuja ba a cikin gari yake ba, can bayan Lugbe ne wajen kilomita 40 daga tsakiyar birni.

Kuɗi kuwa ba sai an faɗa ba. A 'yan shekarun nan da wuya ka samu tikitin zango ɗaya ƙasa da naira dubu 100, kai kuma zango biyu zaka yi zuwa, biyu dawowa, tikiti huɗu kenan na mutum ɗaya. In ka saya da wuri, sati biyu uku kafin tafiya, yakan ɗan yi sauƙi, in ka bari sai ana gobe tafiya ko lokacin Sallah da ƙarshen shekara sai dai ka riƙe baki.

Wajen tabbas ne nafi jin tsoron wannan hanyar, musamman a Janairu. Hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu in ƙura ta sauko matuƙi baya iya hangen titin sauka yadda doka ta tanada, sai a ɗage tashi, a sake ɗagewa, daga ƙarshe a soke, kuma ba laifin kowa bane, ba wanda zai so a sauko da shi a makance. Filayen jihohi da yawa kuma basa karɓar jirgi da dare, dan haka in jinkiri ya kai ku magariba magana ta ƙare sai gobe. Ni kaina ya taɓa ci da ni, na zauna a Abuja tun 11 na safe ana cewa a ƙara haƙuri, sai wajen 5 aka ce an fasa, sunan da zan je na ji labarinsa a waya. Wani abun da mutane basa lura, in tikitin farko na wani kamfani ne na biyu na wani, toh na biyun ba ruwansa da cewa na farko ne ya makarar da kai, a wajensu kai ne baka zo ba. In da hali ka yanki duka biyun a kamfani ɗaya, in babu ka bar tazarar awa huɗu ko fiye a tsakani. In an soke jirgi kana da haƙƙin a mayar maka da kuɗinka ko a sauya maka rana, dokar NCAA ce, hukumar dake kula da sufurin jiragen sama, amma kuɗin da zai dawo bayan an shafa fatiha ba zai kai ka ɗaurin aure ba.

Kaya, galibi kilo 20 ko 23, wasu tikitin masu araha ma 15, da 'yar jakar hannu, abun da ya haura sai ka biya kilo-kilo. Haɗari kuma shi ne mafi ƙanƙanta a duk huɗun, nesa ba kusa ba, jiki ma baya shan wuya.

Mutanen Bauchi ku sa filin Sir Abubakar Tafawa Balewa dake Durum a madadin Lawanti, na Azare da Jama'are kuma filin Malam Aminu Kano zai fi muku, dan jiragen Kano zuwa Abuja sun fi yawa sosai.

Hanya ta biyu: motar haya ta Kano

Wannan ita ce hanyar talaka kuma ita akasarin mutane ke bi. Daga Bajoga ka hau ta Potiskum, ta Ngalda da Fika, daga nan ka hau titin Maiduguri zuwa Kano, Azare, Wudil, ka sauka Unguwa Uku. Wanda yake cikin Gombe shi ta Dukku da Darazo zai bi ya ɓulla Gwaram da Birnin Kudu, ko a Gombe Line ko a Sharon ɗin tasha. Awa 6 zuwa 7 in an haɗa da jiran lodi da canjin mota. Sai ka kwana Kano. Kar kace zaka zarce, zan faɗi dalili. Washegari da sassafe ka hau ta Sakkwato, Gwarzo, Malumfashi, Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara, Sakkwato, sama da kilomita 500, awa 8 ko 9 dangane da shingayen bincike da halin titi da kuma direban da Allah ya haɗa ka da shi. Daga Sakkwato sai ƙaramar mota zuwa Argungu, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Jimla ya haura kilomita 1,000, kwana biyu cur.

Kuɗi, nan ne take cin kofi. Ka haɗa kuɗin motocin duka, ka ɗora abinci da ruwa da kuɗin ɗakin kwana a Kano, har yanzu baka kai kuɗin tikitin jirgi guda ɗaya ba, in kana da ɗan'uwa a Kano da zaka sauka wajensa ma ya ƙara sauƙi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa, amma na jirgi ma ai bai tsaya jira ba.

Tabbas kuma abun mamaki ta fi jirgi. Mota bata san hazo ba, in wannan ta lalace akwai wata, in ka rasa ta ƙarfe 6 akwai ta 7. Abun da zata ci maka shi ne jiki, mutum huɗu a kujerar uku, gwiwa a ƙirji, jakar wani a kan ƙafarka, sanyin asuba na Janairu yana shigowa ta gilashin da baya rufuwa. Dabara ɗaya, in da hali ka biya kuɗin kujera biyu ko ka je da wuri ka kama gaba. Kaya kuma sai yadda kuka daidaita da 'yan kamasho, buhu ma za a ɗaura maka.

Toh sai haɗari, kuma nan nake so a nutsu. Daga Bajoga har Kano damuwarka gudun direba ne da manyan motoci da ramuka, abun da muka saba. Amma daga Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau, da kuma wasu wuraren tsakanin Gusau da Sakkwato, hanya ce da 'yan bindiga suka sha tarewa suna kwasar matafiya, kowa ya sani, har a 2024 gwamnatin Zamfara ta hana zirga-zirga a kanta daga 7 na yamma zuwa 6 na safe. Motoci na bi kullum kuma mafi yawa suna wucewa lafiya, ba wai ina cewa duk wanda ya bi an ɗauke shi bane, amma ba hanyar da ake bi da yamma bace balle dare, shiyasa nace a kwana Kano. Ka lissafa yadda zaka ratsa Zamfara tsakanin hantsi da la'asar, lokacin da motoci suka yi yawa akan titi jami'an tsaro ma sun fito. In direba yace zai yanke ta wata gajeriyar hanya dan a rage nisa, ku haɗa baki kuce a'a, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi direbobin da suka shigo jiya da yamma yaya hanya, su suke da labarin da ya fi na rediyo sabunta. Zangon ƙarshe ma kar ka raina shi, yankin Augie maƙwabtan Argungu ya ga hare-haren 'yan bindigar da ake kira Lakurawa tun ƙarshen 2024, in magariba ta same ka a Sakkwato ka kwana nan kawai.

Akwai masu zagayawa ta Nijar dan kauce wa Zamfara gaba ɗaya, Katsina, Jibiya, Maraɗi, Birnin Ƙonni, su shigo ta Illela su gangaro Sakkwato. Dabara ce da direbobi suka daɗe suna yi, sai dai tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe boda, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, harkar tsallakawa ta ƙara tsauri, ga takardu ga shingaye ga canjin sefa, shi kansa yankin Jibiya ba kanwar lasa bane. Ga baƙon hanya mai zuwa biki ban ba da shawararta ba.

Jirgin ƙasa kuwa kar ma a tayar da tsohon miki. Layin dogon da ya bi ta Bauchi da Gombe ya ratsa Bajoga ya kai Maiduguri tun 1964, tashar tana nan, jirgin ne babu. Ko da yana aiki ma layin wancan ɓangaren a Ƙauran Namoda ya tsaya, bai taɓa kaiwa Sakkwato ba.

Hanya ta uku: motar gida ko shata

Titin ɗaya ne da na sama, bambancin sitiyari a hannunku yake. Lissafin mai mai sauƙi ne, motar dake shan lita 10 a kilomita 100 zata sha wajen lita 110 zuwa, 110 dawowa. A ce misali lita tana naira 900, kusan dubu 100 kenan zuwa kaɗai, in ku huɗu ne kowa dubu 25, kaga ya zo kusa da kuɗin haya amma kowa da kujerarsa. In kai kaɗai ne kuma asara ce. Sannan mutane na mantawa da kuɗin da baya fitowa ranar tafiya, kilomita 2,000 da ɗoriya zuwa da dawowa akan titunan nan zai taɓa taya, zai taɓa shokozoba, juyen baƙin mai zai matso. Kafin a tashi a kai ta wajen bakanike ya duba birki da ruwan lagireto da bel, safaya ta zama mai iska ba ta ado ba, jak da sifana suna but, takardun mota da lasin su zama basu mutu ba dan shingayen hanya sun fi ƙarfin ƙirga.

Daɗinta, ku ke da lokacinku. Ba jiran lodi, ku tsaya sallah inda kuka ga dama, ku bar Kano ƙarfe 6 daidai yadda zaku shiga Funtuwa da hantsi, kuma a can Argungu kuna da abun zirga-zirga, ku je gidan tarihi na Kanta, ku leƙa Matan Fada inda ake bikin kamun kifin nan da aka fara tun 1934, wanda UNESCO ta saka cikin al'adun duniya a 2016. Sharrinta kuma, in ta lalace muku tsakanin Tsafe da Gusau ba yuniyon ɗin da zai turo wata, ku ne da Allah. Kuma direba ɗaya ba zai iya ba, ko ya iya bai kamata ba, gyangyaɗi a sitiyari ya kashe mutane da yawa, dole a samu biyu masu karɓar juna. Motar da ta cika sheƙi ma a wannan hanyar jan ido ce, tsohuwar Golf mai lafiyar inji ta fi min jif mai baƙin gilashi.

Shata kuma ka samu direban da ya saba hanyar, wannan babban abu ne dan ya san inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa, amma zaka biya kujerun duka harda na dawowarsa. Sai ku kai biyar shida take yin ma'ana.

Hanya ta huɗu: mota zuwa Abuja, jirgi zuwa Sakkwato ko Kebbi

Wannan ce mutane basu cika tunawa da ita ba, ni kuma ita na fi so in aljihu tsaka-tsaki ne. Tunanin shi ne, tunda kuɗin jirgi biyu ya yi yawa, a sayi ɗaya, amma a saye shi a inda yake da amfani, wato zangon da zai tsallake da kai Zamfara ta sama. Gombe zuwa Abuja hanya ce da muka sani kamar yunwar cikinmu, Alkaleri, Bauchi, Toro, Jos, a gangara Hawan Kibo, Akwanga, Keffi, sai gosulon Mararaba da Nyanya ya karɓe ka. Daga Bajoga ya kai wajen kilomita 650, awa 9 zuwa 10. Ka kwana Abuja, da safe ka hau jirgi, kafin azahar ko la'asar kana Argungu.

Kwana biyu ne kamar motar haya ta Kano, dan haka ba lokaci ka saya ba, kwanciyar hankali ka saya. Kuɗinta kusan rabin hanya ta ɗaya da ɗan ɗori. Ta fi ta ɗaya tabbas dan jirgi ɗaya kawai kake roƙon Allah ya tashi ba biyu ba, kuma babu fargabar wannan ya makarar da kai ka rasa wancan. Amma hazo na nan bai tafi ba, Sakkwato ma ai gidansa ne. Ita ma hanyar Jos ba a ce babu komai ba, Hawan Kibo da tirelolin da birki ke tsinke musu, ga kuma in gari ya ɗau zafi a Filato matafiya kan shiga tsaka mai wuya, sai a saurari labari kafin a tashi. Kaya kuma dokar jirgi ce zata hau kanka tun daga gida, kar ka ɗauko buhu a mota ka je kaunta kana ciniki.

| Hanya | Kuɗi | Lokaci | Tabbas | Wahalar jiki | Haɗari | Kaya |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Jirgi biyu ta Abuja | mafi tsada, tikiti 4 zuwa da dawowa | awa 10 zuwa 11, ko kwana a Abuja | rauni, musamman da hazo | kaɗan | mafi ƙanƙanta | kilo 15 zuwa 23 |
| Motar haya ta Kano | mafi araha | kwana 2 | mai kyau | sosai | babba, Funtuwa zuwa Gusau | yadda aka daidaita |
| Motar gida ko shata | araha in kun kai 4 | kwana 2 | ya danganta da lafiyar mota | matsakaiciya, direba ne ke shan ta | babba, hanya ɗaya ce | cikin but |
| Mota da jirgi | tsaka-tsaki, tikiti 2 | kwana 2 | matsakaici | rana ɗaya ta wahala | matsakaici zuwa ƙasa | kilo 15 zuwa 23 |

Wa ya dace da wacce

Dattijo, mara lafiya, mai juna biyu, ko wanda ofis ne zai biya masa, jirgi biyu, amma ya tashi kwana biyu kafin ranar taron ba ana gobe ba, in lokacin hazo ne. Wanda rasuwa ce ta taso masa yana son ya samu jana'iza, gaskiya mai ɗaci ita ce ko jirgin da wuya ya kai shi, ya yi niyyar zuwa gaisuwa kawai ya zaɓi hanya a natse.

Ɗalibi, ɗan bautar ƙasa da aka tura sansanin Dakingari, ɗan kasuwa mai ƙaramin jari, motar haya ta Kano, da sharaɗin kwana a Kano da ratsa Zamfara da rana tsaka, kuma wani a gida ya san lambar motar da ka hau.

Abokan ango huɗu ko biyar masu jini a jika, da mota mai lafiya da direba biyu, motar gida. 'Yan kai amarya da akwatuna da kayan gara su ma ba su da zaɓi sai mota, shata da direban da ya san hanya, jirgi ba zai ɗau kwalla da tukwane ba.

Mai iyali da yara ƙanana, ko macen da zata yi tafiyar ita kaɗai, ko duk wanda ya san in ya shiga hanyar Gusau mahaifiyarsa ba zata runtsa ba har sai ya kira, toh ya haɗa mota da jirgi. In kuɗin bai kai na zuwa da dawowa ba, wasu na yin jirgi a zuwa dan su isa da kuzari su dawo ta mota, sai dai ka sani titin da ka guje wa a tafiya yana nan yana jiranka a dawowa.

A gidanmu dai ga yadda aka rabu. Ƙanina da abokansa uku zasu tafi da motar ɗaya daga cikinsu, tashi Alhamis da asuba, kwana a Kano, Juma'a su ratsa da rana. Inna bata so ba, sai da yayi mata alƙawarin kira daga Funtuwa da Gusau da Mafara. Kawu kuma na zaunar da shi nace "Kawu ku dai ku hau jirgi biyu ta Abuja, bayan nan naku ba zai ɗau kwana biyu a mota ba," yace jirgi biyu ɓarnar kuɗi ne, zai hau mota zuwa Abuja ran Laraba ya kwana wajen 'yarsa a Kubwa, Alhamis ya hau na Sakkwato, in hazo ya hana akwai Juma'a. Ya kuma riga ya gaya wa yaran su bar masa rabin but a dawowa, dan busasshen kifi da shinkafar da zai sayo a Argungu ba za su shiga kilo 20 ba.